Muhtari da Harafin Fa

A ajinmu na ƙarshe babu wanda ya kai Muhtari shekaru, babu kuma wanda ya kai shi ƙarancin haƙora. Na gaba guda biyu na sama ba su nan. Wani bijimi ne ya karɓe su a kasuwar Shinkafi, lokacin da Muhtari ke taya kawunsa dillancin shanu. Ya sunkuya zai buɗe bakin bijimin don ya gane shekarunsa, sai bijimin ya ɗaga kai.

"Ni na tahi duba haƙoranai," in ji Muhtari, "shi kau yad duba nawa."

Mutumin wani ƙauye ne a bayan Zurmi. Kafin ya zo kwalejinmu ya yi noma, ya yi dillanci, ya kuma daɗe yana kabu-kabu tsakanin Kaura Namoda da Kasuwar Daji. Ya ce abin da ya kawo shi makaranta shi ne ya gaji da ɗaukar malamai a bayan babur, suna waya da Larabci yana wucewa ta saman kunnensa kamar iska. Wata rana ya sauke wani malami a ƙofar kwalejin, ya kashe babur, ya bi shi ciki. Yana da mata da 'ya'ya a lokacin, gemunsa har ya fara furfura a gefe.

Kwalejin tamu ƙarama ce, ta Larabci da addini, a can bayan tashar jirgin ƙasa. Azuzuwa kaɗan ne, da masallaci, da fanfon burtsatse, da wata babbar darbejiya da muke zama ƙarƙashinta idan kwano ya ɗauki zafi. Maza suna zama dama, mata hagu. Kowa ya san kowa, har takalmin kowa an sani.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san yadda bakinmu yake da harafin fa. A gida ba mu cewa fara, sai hwara. Ba mu faɗi, sai mu hwaɗi. Dukanmu da haka muka zo, amma a shekarar farko Ustaz Alamin, malamin tajwidi da Larabci, ya gyara mu ɗaya bayan ɗaya. Mutum ne ɗan siriri mai tabarau, wanda kuskuren harafi ke yi wa ciwo kamar an taka masa ƙafa. Ya tsaya gaban allo ya nuna mana: fa tana fitowa ne idan kan haƙoran sama na gaba ya taɓa cikin leɓen ƙasa.

Muhtari ya ɗaga hannu.

"Allah gahwarta Malam, to wanda bai da haƙoran, mi littahi ya ce?"

Ustaz ya dube shi, ya dubi giɓin, ya cire tabarau ya goge. Ya ce littafi ya ce Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, a zauna. Tun daga ranar aka yi wa Muhtari uzuri a karatu, mu kuma muka samu abin wasa.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wasan shi ne Fahad, ɗan Shinkafi, ƙaramin ajinmu, wanda ya fi mu Larabci nesa ba kusa ba, ya kuma fi mu tsokana. Ɗaki ɗaya aka ba su da Muhtari. Da safe in mun taru a fanfo sai ka ji Fahad:

"Tsoho, faɗi sunana."

"Yaro."

"Sunana na ce."

"Marar kunya."

"Wanda aka yanka mini rago da shi."

Sai Muhtari ya nisa, ya ce, "Hwahad," mu kuwa mu fashe da dariya kamar ba jiya muka ji ba. Amma wannan Fahad ɗin shi ke fere masa rake da wuƙa ya yayyanka ƙanana, shi ke zama da shi bayan la'asar yana warware masa nahawu. Muhtari kuma shi ya koya wa Fahad babur, shi ya kwana da shi a asibiti da ya yi zazzaɓi. Idan Fahad ya makara a aji, Muhtari ne ke tsayawa ya shirya wa malam dalilin da har shi Fahad ɗin bai san da shi ba.

Al'adar kwalejinmu ce ranar yaye ɗalibai mutum ɗaya daga cikin masu fita ya yi jawabin godiya da Larabci a lasifika, kuma 'yan aji ne ke zaɓensa. Kowa ya san na Fahad ne. Ranar zaɓen sai Fahad ya miƙe, fuska a murtuke, ya ce shi a ganinsa babba ake ba magana, ya tsayar da dattijon aji. Muka gane wasan, muka ɗaga hannu gaba ɗaya, har matan suna rufe baki da hijabi. Mun ɗauka Muhtari zai zage mu ya ƙi, sannan a yi zaɓen gaske.

Bai ƙi ba. Ya fita waje da wayarsa, muna jiyo shi daga taga.

"Inna! Ni anka zaɓa. Awo, ni. Cikin lasihika, gaban malamai duka."

Da ya dawo idonsa ya yi ja. Ya zauna ya gaya mana abin da bai taɓa faɗa ba. Tun da ya shiga makaranta matan ƙauyensu ke yi wa mahaifiyarsa, Inna Tabawa, ba'a a wurin daka da wurin biki: ɗanki da gemu ya bar sana'a ya koma zaman benci da yara, wa ya taɓa ganin malami da giɓi. Ba ta taɓa mayar musu ba. Yanzu ta ce za ta zo, kuma ba ita kaɗai ba, da su za ta zo, ko da ita za ta nemo musu mota.

Fahad ya sunkuyar da kai yana wasa da murfin biro.

Washegari Ustaz Alamin ya ji labari. Ya kira Muhtari gaban aji ya ce masa, ba da faɗa ba, "Malam Muhtari, a karatu an yi maka uzuri, don karatu wajibi ne. Riƙe lasifika kuwa ba farilla ba ce. Malamai za su zo daga Shinkafi da Zurmi, 'yan ƙananan azuzuwa kuma ka san su, jira suke. Ba na so a yi maka dariya a gaban iyalinka. Za mu yi gwaji. Idan na ji hwa ɗaya, na ba wani."

Muhtari ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Ya gwada fa a gaban madubin babur har leɓensa ya kumbura. Ya je wurin wani mai sa haƙori a bakin kasuwa, aka gwada masa wasu, ya ce "fa" suka yi tsalle suka faɗa cikin tiren mai goro. A rana ta uku muna fitowa daga sallar azahar ya riƙe hannun Fahad a ƙofar masallaci.

"Yaro, karanta Hwatiha cikin ranka. Ka ji hwa a ciki?"

Fahad ya motsa baki, ya kai ƙarshe, ya sake daga farko. Ya zaro ido.

"Babu."

"To. Surar da kowa ka karantawa kullum, babu ita ciki, kuma ba wanda yat taɓa cewa ta rage. Kai da kaj jawo min wanga aiki, kai za ka zauna mu yi jawabin da babu ita."

Haka ajinmu ya koma ƙarƙashin darbejiya yana farautar harafi ɗaya. Ban taɓa sanin Larabci na cike da fa ba sai a lokacin. Kalmar biki, hafla, da ita. Baƙi, duyuf, da ita. Farin ciki, farah, da ita aka fara. Kirarin da ake yi wa manyan malamai, fadila, haka. Fahad na kwance a kan benci yana jefo madadi: a ce walima, a ce zuwwar, a ce surur, a ce samaha. Wadda ta fi ba mu wuya ita ce 'yar ƙaramar nan fi, wato "a cikin", don ba a yin jimla uku ba a taka ta ba. Duk inda Muhtari ya juya sai ta fito, kamar ƙaya a gonar da ba a nome ba.

Muna murna an kusa gamawa sai wani ya tuna dole a ambaci jiha.

"Zamhwara," in ji Muhtari, ya dafe kai. "Har ita?"

Aka mayar da ita "wannan jiha tamu mai albarka". Shinkafi ta zama "garin kasuwa babba", Zurmi kuwa Muhtari ya ce ku ga garin kirki, ko harafi bai cuce shi ba. Sai aka zo kan sunayen waɗanda suka yi fice, don al'ada ce a yaba musu. Ta ɗaya a mata Fauziyya ce. Fahad ya ce ai ma'anar sunanta nasara, a kira ta Najahatu.

Daga ɓangaren mata Fauziyya ta ɗago murya. "Yaya Muhtari, wallahi in ka canza mini suna a gaban babana, nan zan miƙe in ce a kawo ragon."

Aka daidaita a kan "'yar Malam Magaji". Saura na ɗaya a maza. Fahad ya ce sunansa a Larabci wata dabbar dawa ce mai gudu, 'yar'uwar damisa, don haka a sa damisar kawai, Namir. Shi da kansa ya tsara jimlar: ina gode wa ƙanena damisa, wanda ya yi ta cizona har na iya nahawu. Ya ce duk wanda ya san Larabci a wurin zai yi murmushi, kuma wannan karon da Tsoho za a yi dariya, ba shi za a yi wa ba.

Ranar gwaji Ustaz Alamin ya zauna a kujerar gaba ya rufe ido, ya karkata kunne kamar kyanwa a bakin rami. Muhtari ya fara. Ya yi sallama, ya yi godiya, ya yabi malamai. Ustaz ya buɗe ido ɗaya. Muhtari ya wuce iyaye, ya wuce jiha mai albarka. Ustaz ya miƙe ya karɓi takardar, ya bi ta da yatsa layi-layi, ya juya bayanta. Sai muka ga kafaɗunsa suna rawa. Bai taɓa dariya a gabanmu ba sai ranar.

"Wannan wayo ne," ya ce, "amma wayo ne irin na malamai. Na yarda. Sai dai ka ji ni da kyau: kada ka fita daga abin da ka haddace. Ka ƙara kalma ɗaya daga kanka, ka faɗa rami, kuma ranar ba ni da igiyar da zan jefa maka."

Abin da ya biyo baya ba na son daɗewa a kansa. Ana saura 'yan kwanaki biki, mu 'yan Shinkafi muka tafi gida karɓo ɗinki. A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare motar da Fahad ke ciki, suka shiga daji da mutanen. Tamu ce ke biye, direbanmu ya hango ya juya da mu. Har yau in na ji babura da yawa sun taho tare sai na nemi bango na jingina. Bari in faɗa tun yanzu, don kada hankalin mai karatu ya tashi yadda namu ya tashi: Fahad ya dawo. Yana gidansu, ya rame, amma bakin nan yana nan yadda yake. Sai dai a ranar bikin babu wanda ya san haka za ta kasance.

Shugaban kwaleji ya so ya ɗage bikin. Mahaifin Fahad, Alhaji Jabiru, ya aiko ya ce kada a ɗage, yaran mutane sun yi wahala, shi ma zai zo ya karɓi shahadar ɗansa. Aka ce to a yi da hantsi, a taƙaita, kowa ya kama hanya da sauran rana.

Muhtari bai sake zama ƙarƙashin darbejiya ba. Yana bitar jawabinsa a ɗaki shi kaɗai, a gefen katifar Fahad da bai bari kowa ya naɗe ba.

Ranar bikin aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, janareta na ta kuka a bayan masallaci. Inna Tabawa ta iso tun ana gobe biki da matan ƙauyensu cike da mota. 'Yar tsohuwa ce gajera, ta ɗaura zane sabo mai sauran sitaci, ta zauna a layin farko na mata ta jera baƙinta hagu da dama, yadda babu wadda za ta ce ba ta ji ba. A can baya 'yan ƙananan azuzuwa sun cika benci. Labarin jawabin ya riga ya zaga makaranta, sun zo ne su ga inda Tsoho zai zame. Alhaji Jabiru yana cikin malamai, carbi a hannu, bai ɗaga kai ba.

Aka kira Muhtari. Ya fito cikin farar babbar riga da ya aro, ta ɗan yi masa gajarta. Ya kama lasifika da hannu biyu kamar kan babur.

Wallahi ya yi kyau. Muryarsa mai kauri ce, ta mutumin da ya saba kiran fasinja a tasha, Larabcin kuma ya zauna masa. Ya wuce walima, ya wuce baƙi, ya wuce farin ciki. Wani malami daga Zurmi ya fara gyaɗa kai. Yaran baya suka gaji da jira, wasu har sun koma kallon masu raba ruwa. Ya yabi 'yar Malam Magaji, baban Fauziyya ya gyara zama. Mu da muka san jawabin muna bin sa a zuci, mun san saura jimla ɗaya ta damisa, sai addu'a, sai ya sauka lafiya.

Sai ya tsaya.

Ya dubi inda Alhaji Jabiru yake. Ya dubi Ustaz Alamin, wanda ya ɗan girgiza masa kai a hankali. Shirun ya yi tsawo har mai janareta ya leƙo ya ga ko wuta ce ta ɗauke. Muhtari ya share gumi da hannun riga, ya saki Larabci ya koma harshen gida.

"Jama'a, ku gahwarce ni. Nan wurin an shirya min wata dabara, wanda yas shirya ta kuwa ba shi nan. Ba ni iya roƙon Allah da sunan wasa. Sunanai Hwahad. Hwahad ɗan Alhaji Jabiru na Shinkahi. Shi ka zama kusa gare ni, shi yak koya min duk abin da kunka ji yanzu. Allah ka san inda Hwahad yake, mu ba mu sani ba. Allah ka hiddo muna shi lahiya, shi da duk wanda ag gare su. A yi muna Hwatiha."

A can baya wani yaro ya fara 'yar dariya, ta maƙale masa a wuya, don babu wanda ya taya shi. Ustaz Alamin ne ya fara ɗaga hannu. Alhaji Jabiru ya rufe fuska da hannun riga. Rumfa gaba ɗaya ta ɗauki amin, har masu keke napep da ke jira a bakin ƙofa.

Da aka tashi, Muhtari ya tsaya a gefen rumfa yana jiran hukunci. Ustaz ya nufo shi, amma kafin ya buɗe baki Inna Tabawa ta iso da rundunarta. Muhtari ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Ta durƙusa kaɗan ta gaida Ustaz.

"Kai ne malamin yaron ga?"

"Ni ne, Inna. Sannu da hanya."

"To Allah shi saka. Mun ji, duk mun ji." Ta waiwaya ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, har sai da kowacce ta ce ƙwarai kuwa. Sannan ta matso ta rage murya, wai don kada ɗanta ya ji kunya. "Amma Malam, in gaya ma gaskiya, wurin ga na ƙarshe shi ɗai yaf fito daidai. Na hwarkon nan duka kamar yana tauna tsakuwa. In da sauran wuri, ku ƙara riƙe shi ko shekara guda."

Ustaz Alamin ya dubi Muhtari, Muhtari ya dubi sama.

"Inna," in ji Ustaz, "ya gama. Ku tafi da abinku."